Wane fim ɗin katun ne ya fi kowanne, kuma da wane ma'auni masu sharhi suke zaɓe?

Bakatsine

Assalamu alaikum. Ina neman masu bibiyar harkar fina-finai su warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai game da jerin fina-finan katun da ake cewa sun fi kowanne. A shekarar 2008 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta fitar da goma da ta ce su ne kan gaba, inda ta ɗora Snow White and the Seven Dwarfs na 1937 a matsayi na ɗaya, Pinocchio na biyu, Bambi na uku, The Lion King na huɗu, Fantasia na biyar, sai Toy Story a na shida. Tara daga cikin goman na Disney ne ko na Pixar, Shrek kaɗai ya fito daga wani kamfani dabam. Amma da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta nemi masu sharhi da masana fiye da 1,600 su zaɓi fina-finan da suka fi kyau a tarihi a shekarar 2022, katun biyu kacal suka shiga cikin ɗarin farko, kuma duka biyun na Hayao Miyazaki ne na Japan: My Neighbour Totoro a na 72 da Spirited Away a na 75. Ko ɗaya na Disney bai samu shiga ba.

To, ina dalilin wannan tazara mai yawa tsakanin mutanen da duk ake kira masana? Ni a ganina Snow White bai cancanci na ɗaya ba, domin labarinsa ba shi da zurfi, yariman da ke ciki ba a san halinsa ba balle a damu da shi, ita kanta yarinyar kuma ba ta yin komai sai abin da aka yi mata. Wanda na fi ɗauka da girma shi ne Grave of the Fireflies na Isao Takahata, wanda ya fito a 1988, labarin yaro da ƙanwarsa a birnin Kobe a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, amma ban gan shi a ko ɗaya daga cikin jerin biyun ba. Ina so in ji ko akwai ma'auni na gaskiya da ake bi, ko kuwa kowa son ransa yake rubutawa.

Malama 'Yar Zazzau

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne jerin biyun ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Cibiyar Fina-finai ta Amurka fina-finan Amurka kawai ta sa a gaba, saboda haka tun kafin a fara ƙirga ƙuri'a an riga an fitar da Miyazaki da Takahata da duk wanda ba Ba'amurke ba daga takarar. Kuma cikin abubuwan da take dubawa akwai muhimmancin fim a tarihi da tasirinsa ga waɗanda suka biyo baya. Idan aka auna da wannan, da wuya wani ya ture Snow White. Lokacin da Walt Disney yake yin sa, mutanen Hollywood suna yi masa dariya cewa babu wanda zai zauna fiye da awa guda yana kallon zane, ya kashe kusan dala miliyan ɗaya da rabi a kansa, sai ga shi fim ɗin ya tara kuɗin da ya gina kamfanin, har aka ba shi kyautar Oscar ta girmamawa a 1939, babban mutum-mutumi ɗaya da ƙanana bakwai. Duk dogon katun da Amurka ta yi bayan nan a kan wannan nasarar ya tsaya.

Sai dai inda nake goyon bayanka shi ne, fara abu daban, iya shi daban. Ko a cikin goman nan nasu, Pinocchio ya fi Snow White kyawun zane nesa ba kusa ba. Duk wanda ya kalli yadda aka zana ruwan teku da babban kifin da ya haɗiye Pinocchio da mahaifinsa zai ga cewa cikin shekara uku kacal masu zanen sun yi nisa ƙwarai. Haka kuma ba Snow White ne dogon katun na farko a duniya ba, ko da yake mutane da yawa suna zaton haka. Quirino Cristiani ya yi El Apóstol a Ajantina tun 1917, sai dai ya salwanta. Mafi daɗewa da ya rage har yau na wata Bajamushiya ne, Lotte Reiniger, wato The Adventures of Prince Achmed na 1926, wanda ta yi da kwali da ta yanka da almakashi tana ɗaukar inuwarsa hoto bayan hoto, kuma daga labaran Dare Dubu da Ɗaya ta ɗebo shi, waɗanda mu ma muka sani da Hausa.

Game da Sight and Sound kuwa, kowane mai zaɓe fim goma kawai aka ba shi damar rubutawa daga cikin duk abin da aka taɓa yi a duniya. Mutumin da yake da gurbi goma, idan har zai ba katun gurbi, ɗaya zai ba shi. Fahimtata ita ce masu son Disney da Pixar sun rarrabu, wannan ya rubuta Pinocchio, wancan ya rubuta WALL-E ko Fantasia, su kuwa masu son na Japan suka taru a kan fim biyu na mutum ɗaya. Wannan ne ma nake ganin ya cuci Takahata, domin Grave of the Fireflies da Totoro rana ɗaya aka sake su a 1988 daga gida ɗaya, Studio Ghibli, ana nuna su a jere, amma sunan Miyazaki ne ya fi tafiya a ƙasashen waje. Ba a ce masu sharhi sun raina shi ba. Roger Ebert ya sa shi cikin manyan fina-finan da ya ware ya yi rubutu a kansu.

Ba'adare

Malama ta yi bayani mai gamsarwa a kan waɗancan biyun, ni kuma Oscar nake so in taɓo, tunda shi ne yawancin mutane suke kafa hujja da shi. Sai a 2002 aka fara ba da kyautar dogon katun, Shrek ya cinye ta, Spirited Away ya karɓa a 2003. Daga nan sai ta kusa zama gadon gidan Disney da Pixar. A 2008 Ratatouille ya doke Persepolis, labarin wata yarinya da ta tashi a Iran lokacin juyin juya hali. A 2015 Big Hero 6 ya doke The Tale of the Princess Kaguya, fim na ƙarshe da Takahata ya yi, wanda aka zana kamar da gawayi da ruwan kala, aka kuma shafe shekaru ana aikinsa. Wannan hukunci har yau ban ga yadda za a kare shi ba. Your Name na Makoto Shinkai, da ya girgiza Japan a 2016, ko shiga takara bai yi ba, alhali The Boss Baby ya shiga a shekara ta gaba. Dalili a bayyane yake: dubban 'yan masana'antar ne suke jefa ƙuri'ar ƙarshe, galibinsu ba masu zane ba ne, kuma mujallar The Hollywood Reporter ta sha buga hirarraki da wasu daga cikinsu ba tare da bayyana suna ba, suna faɗa da bakinsu cewa ba su kalli duka ba, ko kuma abin da 'ya'yansu suka so suka zaɓa. A 'yan shekarun nan dai abin ya fara sauyawa, domin The Boy and the Heron na Miyazaki ya ci a 2024, sannan a 2025 Flow ya ci, ɗan ƙaramin fim daga Latbiya game da kyanwa a cikin ambaliya, babu magana ko ɗaya a cikinsa, an kuma yi shi da manhajar Blender da ake samu kyauta, ya kayar da Inside Out 2.

Abin da ya fi damuna shi ne nahiyarmu ba ta cikin lissafi sam, sai dai a ce The Lion King, wanda dabbobi da ciyayi ne kawai na Afirka a cikinsa, babu mutum ko ɗaya. Ni Kirikou et la Sorcière na 1998 zan sa a cikin biyar ɗina na farko ba tare da jin kunya ba. Michel Ocelot Bafaranshe ne, amma a Gini ya yi ƙuruciyarsa, Youssou N'Dour ya yi kiɗan, kuma ginin labarin irin na tatsuniyoyinmu ne. Abin da ya ɗaga shi a wurina shi ne yaron ba ya tambayar yadda za a kashe mayya Karaba, tambayarsa ita ce me ya sa ta zama muguwa, har ya gano ƙayar da aka soka mata a baya. Disney ba ta saba yi wa mugayenta wannan tambayar ba. Iyaye su sani dai an zana matan ƙauyen babu riga, abin da ya hana shi yaɗuwa sosai a Amurka. Kuma mu a Nijar muna da Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, ya yi Bon Voyage Sim tun 1966 yana yi wa shugabanni masu son bikin tarba shaguɓe da kwaɗi. Gajere ne, saboda haka ba zai shiga jerin dogaye ba, amma duk mai sharhin da bai san da shi ba iliminsa na katun da saura.

Abban Sadiya

Ina ganin ana neman a wuce gona da iri wajen rage darajar Pixar. Toy Story na 1995 shi ne dogon fim na farko da aka yi gaba ɗaya da kwamfuta, amma ba don haka ake kallonsa har yau ba, domin zanen ya tsufa, musamman mutane da karen da ke ciki. Rubutun labarin ne bai tsufa ba. Mintunan farko na Up, inda aka nuna rayuwar miji da mata tun daga aure har mutuwa ba tare da an furta kalma ba, ba su gaza komai na Ghibli ba. Katun uku ne kawai suka taɓa shiga takarar fim mafi kyau gaba ɗaya a Oscar, Beauty and the Beast da Up da Toy Story 3, kuma biyu na Pixar ne. A ƙuri'ar da BBC ta yi da masu sharhi 177 a 2016 kan fina-finan wannan ƙarni, Spirited Away ya zo na huɗu, amma WALL-E da Inside Out ma sun shiga. Sannan akwai wata tambaya da masu sharhi ba su cika yi ba, ita ce ko yaro zai iya zama ya kalla. Grave of the Fireflies babban fim ne, Malam Bakatsine, amma ba zan kunna wa 'yar shekara shida shi ba, ni kaina ma ba na marmarin sake kallonsa.

Bakatsine

Na gode muku duka. Bayanin Malama kan cewa an takaita jerin farko ga Amurka ya warware rabin tambayata. Amma Abban Sadiya, ban yarda a sa dacewa da yara cikin ma'auni ba, domin wannan tunanin ne ya sa ake ɗaukar katun abin wasa. Babu wanda yake rage wa fim ɗin yaƙi maki don yaro ba zai iya kallonsa ba. Waltz with Bashir na 2008 katun ne, kuma a kan kisan kiyashin da aka yi wa Falasɗinawa a Sabra da Shatila da ke Lebanon a 1982 yake magana. Da wannan ma'auni naka sai a jefar da shi. Rashin son sake kallon fim kuwa, a wurina alama ce ta cewa ya yi aikinsa. Nawa jerin ga shi: Grave of the Fireflies, sai Spirited Away, sai Pinocchio, sai The Iron Giant na Brad Bird, wanda ya faɗi a kasuwa a 1999 kafin daga baya a gane darajarsa, sai WALL-E saboda rabinsa na farko kawai.

Malama 'Yar Zazzau

Jerinka ya yi ma'ana, Malam, amma zan sauya na ɗaya da na biyu. Ƙarfin Grave of the Fireflies daga labarinsa yake, kuma labarin yunwar yara a lokacin yaƙi zai sa mutum kuka ko da da 'yan wasa na zahiri aka yi shi. An ma yi hakan a Japan daga baya. Spirited Away kuwa ba zai yiwu ba sai da zane: gidan wankan aljanu, da iyayen da suka rikiɗe aladu saboda haɗama, da jirgin ƙasan da ke tafiya a kan ruwa. Idan katun muke aunawa a matsayinsa na katun, wanda ya yi abin da kyamara ba za ta iya ba shi ya kamata ya hau sama, shi ya sa ma alƙalan bikin fina-finai na birnin Balin na Jamus suka ba shi babbar kyautarsu a 2002 yana gogayya da fina-finan mutane. WALL-E kuma, tunda kai da kanka ka ce rabinsa kake so, zan cire shi in sa Kirikou ɗin da Malam Ba'adare ya kawo, ko Kaguya idan an yarda Takahata ya samu gurbi biyu.