Bim na ƙarfe a digiri 600: me ya sa lissafina ke tsayawa?

Tambaya: Salamu alaikum injiniyoyi. Ina kwaikwayon bim (ƙarfen kwance da ke ɗaukar nauyin gini) mai mita 6 cikin gobara a manhajar Abaqus, na kafe bakinsa biyu. Da zafi ya haura digiri 500 sai lissafin ya cije. Ina matsalar?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Kafewar ce, Malam. A digiri 600 bim ɗin zai ƙara tsawon kusan milimita 50. Ka hana shi miƙewa, dole ya matse ya lanƙwashe. Kunna NLGEOM (zaɓin da ke sa manhajar ta lura da babbar lanƙwasa), ka sa 'yar karkata tun farko, ka ɗaure bakin da sifirin (wato spring) maimakon kafewa gaba ɗaya.

Amsa ta 2: Duba teburin EN 1993-1-2, ƙa'idar Turai kan ginin ƙarfe a cikin gobara. A digiri 600 ƙarfin ƙarfe saura kashi 47 cikin ɗari, taurinsa kuwa 31 kacal. Taurin ma tun bayan digiri 100 yake fara raguwa, nan ake yawan tuntuɓe.

Amsa ta 3: Injiniya, kar ka manta tsakanin digiri 750 da 860 miƙewar tana tsayawa cik, saboda tsarin cikin ƙarfen na sauyawa. Kuma in bim ya yi ciki sosai sai ya rataya kamar igiya, matsi ya koma ja, haɗin kusoshi ya sha wuya. An ga irin ratayar a gwaje-gwajen gobara da aka yi a Cardington, Ingila.