Jaki mai miki ana ɗora masa yashi: wa ake kai wa ƙara, kuma da wace hujja?

Ummu Sadiƙ:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. A layinmu a nan Kano akwai masu jakunan ɗibar yashi da ke wucewa kullum. Ɗaya daga cikin jakunan yana da babban miki a gadon baya, ƙudaje na binsa, yana ɗingishi da ƙafar gaba, amma duk da haka ana ɗora masa mangala cike, in ya tsaya yaron da ke kora shi ya zabga masa sanda a ka. Shin akwai dokar da ta hana wannan? Wa ake kai wa ƙara, 'yan sanda, Hisba ko mai unguwa? Kuma me zan riƙe a hannu don kada a ce mini "jaki ne fa, Hajiya"?

Baristan Gyaɗi-gyaɗi:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Doka akwai, kuma tsohuwa ce. Kundin Final Kod (Penal Code, dokar hukunta laifuka) na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya yi magana a kan wannan a sassa uku a jere. Sashe na 207 ya shafi dukan ƙeta da azabtar da dabbar gida, ko dabbar dawa da aka kama aka tsare, har da shirya faɗan zakaru da na raguna. Hukuncinsa ɗauri ne da zai iya kaiwa shekara 1, ko tara, ko a haɗa biyun. Wanda ya fi dacewa da maganarki shi ne sashe na 208: ɗora wa dabba kayan da ya fi ƙarfinta, ko sa ta aiki alhali tsufa, ciwo ko rauni ya hana ta, ko yin sakaci da ita har ta wahala ba gaira ba dalili. Wannan ɗaurinsa ya tsaya a wata 6. Sashe na 209 kuma ya ba kotu damar ta karɓe dabbar ta damƙa wa wani na ɗan lokaci, ko ta ce a kashe ta in babu sauran mamora. A Kudu sashe na 495 na nasu kundin, Kiriminal Kod, ne, ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50. E, naira 50. Tarar da ke cikin waɗannan tsofaffin kundaye ba ta tsorata kowa, abin da ke tsorata mai jaki shi ne zarya a kotu da kwanakin da zai yi ba aiki.

Wasu jihohi sun sake rubuta nasu kundin, kamar Kaduna a 2017, lambobin sassa na iya sauyawa. Saboda haka a takardar ƙorafi ki bayyana abin da aka yi, kada ki dogara da lamba kawai.

Yawancin irin wannan ƙara a wajen hujja take mutuwa. Mutum zai je caji ofis ya ce "ana zaluntar jaki a unguwarmu", a tambaye shi jakin wa, yaushe, a ina, sai ya yi shiru. Ki rubuta rana da lokaci da wurin, da wata alama da kowa ya sani, kamar masallaci ko rijiyar burtsatse. Ki ɗauki bidiyo na daƙiƙa 30 zuwa minti 1 ba tare da yankewa ba, wanda zai nuna kayan a bayansa, da ɗingishin, da mikin in ya samu, daga nesa, ba sai kin tari yaron ba. Ki maimaita a ranaku uku daban-daban, domin bidiyon rana ɗaya za a ce tsautsayi ne, na kwana uku kuwa ya nuna an san da ciwon aka ci gaba. Asalin bidiyon ya zauna a wayar da aka ɗauka, don wanda aka tura ta WhatsApp yakan rage kyau kuma bayanin ranar ɗauka yakan ɓace. Ki lura da kamannin jakin, launinsa, tsagar kunne ko tabon lalas, don masu yashi kan yi musayar jakuna. Sai shaidu biyu da za su yarda su yi magana, mai shago ko mai shayi a layin ya fi ɗan gidanku.

Takardar a rubuta ta ga DPO na yankin, kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki riƙe. Abin da ido ya gani za a rubuta: "miki mai faɗin tafin hannu a baya, yana zubar da ruwa", ba "azzalumi ne marar imani" ba. In aka share ki, doka ta ba ki damar shigar da ƙara kai tsaye a kotun majistare.

Likitan Dabbobi:

Barista ya gama da doka, bari in ƙara abin da zai sa rahoton ya yi nauyi. Takardar likitan dabbobi na gwamnati ita ce hujjar da ba a musu da ita, don haka kafin caji ofis a fara zuwa asibitin dabbobi na jiha ko sashen aikin gona na ƙaramar hukuma a nemi jami'i ya zo ya duba. A tafi da bidiyon, a faɗi lokacin da jakunan ke wucewa.

Jaki dabba ne mai ɓoye ciwo. Doki in yana jin zafi zai yi ta harbi da birgima, jaki kuwa sai ya tsaya cik, kai a ƙasa, kunnuwa a kwance gefe, mutane su ce taurin kai ne su ƙara masa sanda. Duk jakin da har ya kai ga ɗingishi a fili, abin ya yi nisa.

Batun kaya, ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsa. Jakinmu na gida mai kilo 120 zuwa 150 ke nan zai ɗauki kilo 40 zuwa 50, kimanin buhun siminti ɗaya, kuma wannan ga lafiyayye ne. Jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshe nauyi sosai, mangala cike da shi takan zarce wannan nesa ba kusa ba. Mikin baya kuma kusan kullum daga akumari yake: ya tsufa ya daskare, ko an cusa shi da buhun leda wanda ba ya shan gumi, ko kayan ya karkata gefe guda yana gogar ƙashin baya. Akumari mai kyau yana zama a kan haƙarƙari hagu da dama, ya bar kwari a tsakiya don kada komai ya taɓa ƙashin. In ba a gyara shi ba, ko an warkar da mikin zai dawo cikin 'yan kwanaki.

Ga abubuwan da ke nuna ba a jira gobe: dabba ta kwanta ta kasa tashi, ko ba ta taka ƙafa ɗaya sam, ko tsutsa a cikin miki, ko muƙamuƙi ya ƙage jiki ya sandare, wanda alamar tetanus ce kuma tana kashe jakuna da yawa ta hanyar irin wannan miki. Haka jakin da ya daina cin abinci, ko na yini ɗaya ne, domin kitse kan taru masa a jini ya lalata hanta. Don gane ƙishirwa a ja fatar wuya a saki, in ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Jakin aiki a bazara yana iya shan lita 20 ko fiye a yini.

In mai shi ya yarda a taimaka kafin likita ya zo, a sauke kayan, a kai shi inuwa, a ajiye masa ruwa ya sha da kansa. A wanke mikin da ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba ƙaramin cokali 2 na gishiri a lita 1, safe da yamma. Kada a shafa baƙin mai, ko ruwan batir, ko toka, ko kashin shanu. Baƙin mai yana korar ƙuda na ɗan lokaci, shi ya sa ake ganin kamar yana aiki, amma yana ƙona naman da ke tsirowa ya rufe datti a ciki. Kuma kada a ɗura wa dabbar da ke kwance ruwa da kwalba, yakan bi ta hunhu ya zama ajalinta. Miki mai zurfi yana bukatar hutun makonni, babu allurar da za ta maye gurbin hutun.

Alhaji na Kara:

Barista, ina girmama iliminka, amma in Hajiya ta fara da 'yan sanda, jakin ne zai kwana a ciki. Yaron da ke riƙe da sanda galibi ba shi ne mai jakin ba, kora yake yi a biya shi gwargwadon sawun da ya yi. In aka kama shi, gobe mai jakin zai ba wani yaro, ko ya canza hanya ta inda ba mai ganinsa. In kuma aka kama jakin aka ɗaure a harabar caji ofis, wa zai saya masa harawa da dusa? Babu kasafin wannan a can. Ko mai shi ya ga abin ya zama rigima ya kai shi kasuwa ya karyar, dillalan fata su saye, tunda har yanzu ana kwasar jakuna zuwa Kudu duk da Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su don fata a 2024.

Kowace sana'a tana da shugabanta. Masu yashi suna da nasu a bakin kududdufi ko rafin da suke ɗiba, shi ke raba layi, shi ke iya cewa wannan jakin ba zai yi lodi ba sai ya warke. Wannan maganar ta fi sammaci aiki, domin abinci ta taɓa. Ki sa maigida ko wani dattijon layi ya kai wa mai unguwa maganar da bidiyon, mai unguwa ya kira shugaban da mai jakin. A zaman a yanke abu uku a fili: kwana nawa jakin zai huta, wa zai duba shi, da ranar da za a dawo da shi a gani. In aka tashi da "to, za a gyara in sha Allahu" kawai, ba a yi komai ba. Kuma a tuna mai jaki ɗaya in ya ajiye shi sati uku, gidansa ne zai kwana da yunwa. In masu hali a layin suka haɗa kuɗin magani da sabon akumari da ɗan abin cefane, sai a ga ya fi kowa son a yi maganin. Wanda ya ƙi bayan wannan, shi ne na Barista.

A kara da kwata ma haka tsarin yake. In saniya ce ake jan ta a ƙasa ko aka karya mata wutsiya don ta tashi, Sarkin Pawa da shugaban dillalai ake nema, da likitan da gwamnati ta ajiye a wurin. In tirela ce ta shanu, irin masu tasowa daga Maigatari ko Potiskum zuwa Legas, aka ga an cusa su har wata ta faɗi ana tattaka ta, a ɗauki lambar mota da rubutun jikinta da hanyar da ta nufa, a sanar da shingen jami'ai na gaba. Kada mutum ya tare wa direba hanya.

Malam Mai Almajirai:

Hisba na karɓar irin wannan, don yana cikin hani da mummuna, kuma nasiharsu takan shiga kunnen da ba ya jin ta lauya. Dukan da aka ce ana yi masa a ka, ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska, har ya la'anci wanda ya yi wa wani jaki haka. A fiƙihunmu na Malikiyya kuma, Muhtasar Halil ya kawo cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita. Wato alƙali na da hurumi a ciki. Sai dai mai nasiha ya kira mutum gefe. Wanda aka kunyata a gaban jama'a, a kan jakin zai je ya huce.

Ummu Sadiƙ:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura ɗaya: in na sa bidiyon a Facebook ko TikTok fa, ba zai fi sauri ba?

Baristan Gyaɗi-gyaɗi:

Zai fi sauri wajen jawo miki shari'a, Hajiya. In fuskar yaron ta fito, ko kika ambaci suna da wata kalma da ba za ki iya tabbatarwa ba, sashe na 391 da 392 na Final Kod kan ɓata suna na jiranki, ga kuma haɗarin 'yan unguwa su far wa yaro ƙarami. In dole sai kin sa, jakin kawai za ki nuna, ba fuska, ba suna, ba ƙofar gida. Na kuma yarda da tsarin Alhaji, a fara da mai unguwa, amma a tara hujjar tun yanzu, don in sulhu ya watse ba za a samu mikin yadda yake yau ba.

Likitan Dabbobi:

Ƙarin gargaɗi ga duk mai karantawa, tunda ba jaki kaɗai ake gani a titi ba. Saniya ko tunkiya in ta faɗi, a jingine ta a kan ƙirjinta a tokare da buhu, don in ta daɗe kwance a gefe cikinta zai kumbura ya toshe mata numfashi. Amma dabbar da ta mutu farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa na fita ta hanci ko dubura, kada a taɓa, kada a feɗe, kada a bari mahauta su ɗauka. Alamar cutar antiraks ce, wadda ta ɓulla a Suleja a 2023, kuma tana kama mutum. A kira ofishin likitan dabbobi nan take. Haka karen da ke dalalar da miyau yana tangaɗi ko cizon duk abin da ya gani, a janye yara a kira jami'ai, ba a kama shi da hannu. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar a fara masa allurar haukan kare.