Hayaƙin janareta da gawayin girki: shin su ma suna ɗumama duniya?

Mai shago a Kano: Assalamu alaikum. Kullum ana maganar iskar kabon dayoksaid a rediyo, cewa ita ke haddasa ɗumamar yanayi, amma misalan da ake kawowa na manyan masana'antun ƙetare ne. Ni kuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta janareta nake tayarwa, iyalina kuma da gawayi suke girki. Shin ita ce iskar da ke hallaka waɗanda suka kwana da janareta a ɗaki? Kuma abin da muke fitarwa ya kai a damu da shi?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Iskoki biyu ne daban. Mai kisa a rufaffen ɗaki ita ce kabon monoksaid, wadda ke fita idan mai ko gawayi bai ƙone sarai ba. Ba ta da wari, kuma tana hana jini ɗaukar iskar numfashi. Don Allah janareta ya riƙa zama a waje. Ita kuwa dayoksaid, duk abin da aka ƙona mai kabon a cikinsa sai ya fitar da ita. Litar fetur ɗaya tana ba da kimanin kilo 2.3, ta dizal kuma kusan kilo 2.7. Illarta ita ce tana barin hasken rana ya sauko, amma tana tare wani ɓangare na zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kuma tana daɗewa ƙwarai a sararin samaniya. Kafin zamanin masana'antu yawanta a iska kashi 280 ne cikin miliyan. Lokacin da aka fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ta kai kusan 315, yau kuwa ta haura 420.

Ɗan Jigawa: Malam ya yi bayani, amma kada a ɗora wa mai shago nauyin da ba nasa ba. Afirka baki ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na wannan iska, Sin da Amurka ne kan gaba. Ko a Najeriya, iskar gas da ake ƙonawa a banza a Neja Delta da aikin siminti, inda gasa dutsen da ake yin simintin da shi ma ke sakin iskar, sun fi ƙarfin talaka. Mu dai shan wahalar muke yi: ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Da ana samun wutar lantarki ba yankewa, wa zai sayi fetur da tsadarsa?

Malama daga Maraɗi: Gaskiya ne, ɗan'uwa, sai dai batun gawayi yana hannunmu. Itace na zuƙe wannan iska yayin da yake girma, don haka asarar tana faruwa ne idan an sare ba a bar wani ya maye gurbinsa ba. A nan Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka koma kula da tohon da ke fitowa daga kututture maimakon ƙone shi lokacin sharar gona, har aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Gawo ya fi samun kulawa, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Alhaji, idan da hali, a samar wa uwargida murhu mai tsimin gawayi ko tukunyar gas. Ƙirjinta ma zai huta da hayaƙi.