Musayar Baiti: Ina Mutanen Bulgeriya Suka Shiga?

Dattijon Fagge:
Salamu alaikum. Na yi karatun injiniya a Sofiya, babban birnin Bulgeriya, a shekarun 1980, bana Allah ya nufa na koma ziyara. Abin da na gani ya ƙi fita a zube, sai a waƙe. Amsa-amon "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Sarkin da ke cika kasuwa,
Kuma da ikonsa take watsewa.

Na bar Bulgeriya cike da jama'a,
Miliyan 9 ƙiris ya rage cikawa.

Ƙidayar 2021 da ta fito,
Miliyan 6 da rabi, kuma ana raguwa.

Ba yaƙi ba, ba fari ba, ba fara ba,
Tafiya ce da ƙarancin haihuwa.

Na bi abokina ƙauyensu gefen Vidin,
Tsakar gidan kakansa duk ciyawa.

Makarantar da ya yi an danna kwaɗo,
Ba mai zuwa aji sai shamuwa.

A jikin ƙofofi, a jikin bishiyoyi,
Sai takardun sanar da mutuwa.

Masana'antar Kremikovtsi mai narka ƙarfe dare da rana,
Wutarta ta mutu, tsatsa ke cinyewa.

Zamanin shugaba Zhivkov aiki na jiran ka,
Gida da magani ba ka da damuwa.

Ɗan Zazzau:
Bakano, ka auna rabi ka danne rabi,
Mun san halin mudunku, Kanawa.

Shekara 35 mutum ɗaya a karaga,
Ka yi tari, da dare sai ɗaukewa.

Ka manta abin da ya yi wa musulmi,
Da ya tilasta canjin sunan Turkawa?

Mutum ya wayi gari da sunan da bai sani ba,
A 1989 suka kama ficewa.

Fiye da dubu 300 cikin 'yan watanni
Suka tsallaka Turkiyya, wasu ba dawowa.

Bangon Berlin ya faɗi 9 ga Nuwamba,
Washegari kujerar gwaninka sai kifewa.

Cikar garin da kake yabo, Alhaji,
Akuyar ɗaure ba a yaba mata tsayawa.

Dattijon Fagge:
Maganar Turkawa na sallama maka, zalunci ne, ba ni da baitin kare shi. Amma ka tsaya.

Bazazzage, kwance igiya daban ne
Da sakin dabba inda ba ruwa ba inuwa.

Gonar haɗaka aka rushe a gaggauce,
Kowa na jan nasa ana yagewa.

Aka mai da fili ga magada 'yan birni,
Wanda bai san garma ba, ina nomawa?

Shanun gandu aka raba su gida-gida,
Ba dusa, ba harawa, sai yankawa.

1996 bankuna suka durƙushe,
1997 farashi ya kama haukacewa.

Fanshon tsohuwa na wata guda cur,
Kafin ta kai kanti ya gama narkewa.

Sai da aka ɗaure kuɗinsu, lev, a gindin kuɗin Jamus
Sannan ƙurar ta fara lafawa.

'Yar Tudun Wada:
Baba, Kawu, ku gafarce ni in tsoma baki cikin na manya. Ina karatun likita a garin Pleven na Bulgeriya, shekarata ta huɗu ke nan.

2007 suka shiga Tarayyar Turai,
2014 ƙofar aiki ta gama buɗewa.

Likita ya gama, ya karɓi takarda,
Ya tafi duba majinyatan Jamusawa.

Uwa na jinyar tsohon wani a Italiya,
Nata tsohon na gida ba mai dubawa.

Amma, Baba, Sofiya fa ba kango ba ce,
Benaye da kamfanonin kwamfuta na ƙaruwa.

Haraji kashi 10 ne, babba da yaro,
Birni na tsotsa, ƙauye na ramewa.

Haye kogin Danube, Rumaniya ma ta gani,
Daga miliyan 23 zuwa 19 ta yi saukowa.

Foland ta sha ɗacin gyaran tattalin arziki tun 1990,
Yau ita ke ɗaukar baƙi aiki da yawa.

Bagobirin Maraɗi:
Ni ɗan kallo ne, ban taɓa taka ƙanƙara ba. Tambaya ce da ni.

Gidan wasan ƙasa da ke Iganmu a Ikko,
Mai siffar hular soja in kana hangowa,

Magina daga Bulgeriya suka tsai da shi,
Na garinsu Varna suka duba wajen zanawa.

An gama shi 1976, kafin bikin al'adu na FESTAC,
'Ya'yan maginan, yau a ina suke ginawa?

'Yar Tudun Wada:
Kawu Bagobiri, ɗaya dai na san inda yake. Tsohuwar da nake haya a gidanta, ɗanta birkila ne a Valencia ta Sifen. Yau Lahadi, ranar kiransu ce.

Ga ta nan ta ƙwanƙwasa mini ƙofa,
In buɗe mata waya, ba ta iya dannawa.

Ta sa ɗankwalin fita, ta gyara zama,
Jikarta a allo tana leƙowa.

Kaka ta gaishe ta da harshen gida,
Da Sifaniyanci yarinyar ke amsawa.

Ku ci gaba, sai na dawo. Ta dafa mini shayi, kada ya huce.