Wace alama kuka gani kafin ruwa ya ci ku?

Ɗan Fadama, Argungu: Salamu alaikum jama'a. Shinkafa ta fara ciki, gaba kuma na faɗuwa. Waɗanda ambaliyar 2020 ta taɓa, me kuka lura da shi kafin ta iso? Mu dai sama garau take, rana na dukan mutane. Gulbi ne ya rikiɗe ya yi ja wur, yana ɗauke da kumfa da kainuwa. Da muka ga karan dawa ɗanye shar yana wucewa da saiwarsa, wani dattijo ya ce ruwa ya riga ya ci gonakin na sama, mu ya nufo.

Basarke, Yauri: Haka yake, ɗan'uwa. Mu a bakin Kwara ruwa biyu muka sani: farin ruwa na damina mai laka, da baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu daga can Gini. Farin ne mai ɓarna. Da magariba nakan kafa sanda a gaɓa in yi mata tsaga. In asuba ta yi na tarar tsagar ta nutse da taƙi guda, sai a fara kwashe buhuna zuwa tudu.

Uwar Biyu, Gummi: Mu a watan Agustan 2024 gindin bango ne ya fara jiƙewa daga ƙasa, rijiyar gida ta ciko har ana ɗiba ba igiya. Tururuwa kuwa sai hawa katanga suke da ƙwai a baki.

Malamin Makaranta, Bunza: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Amma tururuwa kowace damina haka suke, ba na dogara da su. Rijiyar ce magana. Ku kuma na Argungu, Rima na biyowa ta madatsar Goronyo, gulbin Sakkwato ta Bakolori, suna haɗewa kafin su iso ku. Mai ɗan'uwa a can ya riƙa buga waya.

Ɗan Tasha, Gusau: Ba wanda ya taɓo iska! In zufa ta yi tsanani, ganye ya tsaya cak, gabas ta yi ja, to kwano za ta yaye. Sanyi na bugo ka da ƙamshin ƙasa, kwance awaki daga gindin itace.

Ɗan Fadama, Argungu: Malam, ƙanena na Wamakko, yau zan kira shi. Na Bagudo da Suru, yaya gulbi a wajenku?