Ajiye zafi da sanyi a ƙarƙashin ƙasa: rijiya biyu ko bututu?

Ɗan Zaure: Salamu alaikum. Ginin ofis ne a Holand, ana son ɗumama shi da hunturu, a sanyaya shi da bazara. Me kuka fi ba da shawara?

Injiniya: Wa alaikumus salam. In akwai yashi mai ruwa a ƙasa, a haƙa rijiya biyu, ɗaya ta sanyi, ɗaya ta ɗumi. Da bazara a ja ruwa daga rijiyar sanyi, digiri 6 zuwa 8, ya sanyaya gini, a zuba shi rijiyar ɗumi yana wajen digiri 16. Da hunturu sai a juya, famfon zafi, wato injin da ke zuƙo ɗumin ruwan ya ƙara shi da wutar lantarki, ya ɗaga ɗumin zuwa digiri 35 ko 40. Wutar kilowat 1 takan ba da zafin kusan kilowat 4. Amma zafin da aka zuba a ƙasa dole ya yi daidai da wanda aka ɗebe, in ba haka ba rijiya ɗaya za ta cinye 'yar'uwarta.

Mai Burtsatse: Gaskiya ne, Injiniya. Kuma kada iska ta shiga layin. Ruwan ƙasa na ɗauke da ƙarfe, da ya haɗu da iska sai ya zama jar tsatsa ya toshe matatar rijiya. A bar fayif cikin matsi kullum.

Hajiya Injiniya: In ƙasar dutse ce ko laka, bututun roba rufaffe ya fi, wato wanda ake zurawa cikin rami ruwa ya riƙa zagayawa a cikinsa. Faɗin milimita 32 ko 40, zurfin mita 100 zuwa 150, tazarar mita 6 tsakanin ramuka. A ɗura bentonait, wata irin laka mai kumbura, a ramin daga ƙasa zuwa sama, don gurbin iska na hana zafi wucewa. A gwada yadda ƙasa ke karɓar zafi a rami ɗaya na awa 48 kafin a yanke adadin ramuka. In ajiya ake nufi, ramuka sukan matso kusa: a unguwar Drake Landing ta Kanada, ramuka 144 masu zurfin mita 35 ne suka ajiye wa gidaje 52 zafin rana, tazararsu ba ta kai mita 3 ba.

Ɗan Zaure: To, a Kano fa?

Injiniya: Nan sai an kula, ɗan'uwa. Zafin ƙasar Kano ya haura digiri 25, kuma sanyi kawai ake nema, zafi zai yi ta taruwa duk shekara. Sai an samu mai sha, kamar ruwan zafin otal ko asibiti, ko a riƙa fitar da shi waje da fanka a dararen hunturu.