Abin da aka tattara kan ɗinkin babban bargon haɗe-haɗe

'Yan'uwa na Makka da Jidda, ga taƙaitawar shawarwarinku kan yadda ake haɗa ƙananan ƙyallaye a ɗinka babban bargo.

1. Kowa ya yarda a wanke ƙyallaye kafin yanka. Atamfa tana zuba, auduga tana tsukewa. Jar atamfa ɗaya ta isa ta ɓata farin yadin tobe (doguwar rigar maza ta Larabawa).

2. Bargo mai santimita 200 da 220 yana cin ƙyalle 440. A yanka kowanne 12 da 12, ɗinki ya ci santimita ɗaya kowane gefe. Kuskuren milimita biyu, in ya taru a ƙyalle ashirin, ya zama santimita huɗu, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Nan aka fi kuka, kuma ina ganin nan ne aikin yake.

3. A goge kowane layi kafin a haɗa na gaba.

4. A shimfiɗa shafi (yadin baya) da ciko (abin da ake sawa a tsakiya) da fuska (ƙyallayen da aka haɗa) a ƙasa, a kafa fil daga tsakiya zuwa baki, in ba haka ba bayan ya tattare.

An rabu kan yadin abaya: wasu sun ce santsinsa yana karkatar da layi, wasu suna manna masa shafi. Ciko kuwa, masu zuwa garin Ɗa'if da hunturu sun zaɓi auduga mai kauri saboda sanyinsa, 'yan Jidda siriri, saboda laima tana hana shi bushewa.